Yadda ake buga Ishido: dokokin aza dutse da lissafin maki

Wana ne ya zo da kwamfutar daga Abijan. Tsohuwa ce, batirinta ba ya riƙe wuta ko na tsawon dahuwar shayi na farko, wasannin zamani kuwa ba ta ma san da su ba. Amma wanda ya sayar masa ya bar ƴan wasanni na da a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu ya mamaye fadarmu a nan Tawa har aka fara mantawa da karta. Sunansa Ishido. Galibi mutum ɗaya ke buga shi, ba gudu, ba harbi. Allo ne da duwatsu, kana aza su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, ko kuwa wurin azawa ya ƙare maka.

Kamfanin Accolade na Amurka ya fito da shi a 1990, Michael Feinberg ne ya tsara shi. An yi na Macintosh da DOS da Amiga, an yi na Game Boy da Sega Genesis da Atari Lynx. Sunan daga Japananci aka ɗauko shi, "ishi" dutse, "do" hanya. An haɗo shi da wata tatsuniya wai wasan mutanen da can ne, amma masu shi ne suka shirya ta don armashi. Mai son na asali a yau yana buɗe shi da manhajar DOSBox, akwai kuma waɗanda aka kwaikwaya don waya. Dokokin da zan faɗa na asalin ne.

Na ga mutane da yawa sun zauna gabansa, kuma kusan dukansu abu ɗaya suke yi: dutse ya fito, an ga inda zai shiga, an aza, an jira na gaba. Haka ni ma na fara, makina bai taɓa wuce ɗari da ƴan kai ba. Sai wata rana wani dattijo maƙwabcinmu, gwanin dara, ya tsaya bayana ya daɗe yana kallo, ya ce: "Ɗana, ai wannan zubin dara ne. Kai kuwa zubawa kake kamar mai ba kaji tsaba." Na ce: "Baba, to ai babu wanda zan ci a nan." Ya ce: "Gida za ka bari, ka kewaye shi." Bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma ya gano wasan kafin mu.

Da farko, san allonka da duwatsunka

Allon yana da layi 8, kowane layi gida 12, gida 96 ke nan. Kashi biyu ne. Gidajen da suka kewaye allon ta bakinsa guda 36 ne, launinsu daban. Mu a fada bayan gari muke kiransu. Sauran 60 na ciki su ne cikin gari. Riƙe wannan, don maki a cikin gari kaɗai ake samunsa.

Duwatsu 72 ne. Kowane dutse yana da launi da alama. Launi shida, alama shida, shida sau shida iri 36, kuma kowane iri tagwaye ne. Zanen alamomin yana canzawa bisa ga kayan da ka zaɓa a cikin wasan, saboda haka a nan zan yi amfani da waɗanda muka zana wa namu na kwali, wanda zan zo kansa a ƙarshe: tauraro, wata, kifi, ganye, zobe da takobi.

Kafin ka taɓa komi, kwamfuta ta riga ta aza shida: huɗu a kusurwoyin allo, biyu a tsakiya, a karkace da juna. Waɗannan shida babu biyun da suka haɗa launi ko alama, wato kowane launi da kowace alama suna kan allo tun daga farko. Sauran 66 suna cikin jaka, ana nuna maka ɗaya ɗaya, ba ka ganin na bayansa, ba ka kuma da ikon cewa ba ka son wanda ya fito. Dutsen da ka aza ya zauna ke nan. In wanda ke hannunka ya rasa gida, wasa ya ƙare. Lura kuma cewa ko da ka aza duka 72, gida 24 zai rage babu komi. Allon da kansa ya ba ka wurin barin ramuka, wato gidajen da za ka kewaye da duwatsu ka bar su babu komi.

Dokar maƙwabtaka

Ba a aza dutse shi kaɗai a fili, sai ya jingina da wani. Maƙwabci shi ne wanda ke gabas, yamma, kudu ko arewa da gidan. Na karkace ba maƙwabci ba ne, ba ya hanawa, ba ya taimakawa.

In maƙwabci ɗaya ne, abin da sauƙi: ku haɗa launi ko ku haɗa alama. In biyu ne, dole ɗaya ka haɗa launi da shi, ɗayan alama. In uku ne, biyu ta fuska ɗaya, na ukun ta ɗayar: biyu launi ɗaya alama, ko biyu alama ɗaya launi. In huɗu ne, biyu launi, biyu alama. Wannan na ƙarshe shi muke kira haɗin huɗu, kuma duk wasan a kansa yake.

Dokar maƙwabta biyu ita ke kada sabon shiga. A ce gida yana tsakanin jan tauraro da jan kifi, kai kuma jan wata ke hannunka. Ido zai ce maka ja ne, ja ne, shiga. Kwamfuta za ta ƙi. Ka haɗa launi da dukansu, ba ka haɗa alama da kowa ba. Abin da zai shiga gidan nan sai tagwayen ɗayansu: jan tauraro na biyu, ko jan kifi na biyu. Dalili kuwa, dutsen da ya yi daidai da maƙwabcinsa ta launi da alama duka, ana lissafa shi ta fuskar da ake bukata.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata ka haddace. Gida mai maƙwabci ɗaya yana karɓar iri 11 cikin 36. Gidan da ke tsakanin duwatsu biyu da suka bambanta launi da alama, iri 2 kawai yake karɓa. Wanda aka kewaye ta ɓangare huɗu yadda ya kamata, iri ɗaya tak. Akwai kuma mataccen gida: maƙwabta uku waɗanda babu biyun da suka haɗa launi ko alama. Wannan babu dutsen da zai shiga shi har wasa ya ƙare, ko me ka ƙara masa a ɓangare na huɗu.

Yadda maki ke taruwa

Lissafi iri biyu ne a cikin wasan. Na da, kamar yadda suka kira shi, yana ƙidaya haɗin huɗu nawa ka yi da dutse nawa ya rage maka a jaka, shi ke nan. Na zamani shi ne mai maki, kuma shi ke sa gardama a fada.

A cikin gari, haɗin ɗaya maki 1, haɗin biyu maki 2, haɗin uku maki 4, haɗin huɗu maki 8. A bayan gari ba ka da komi. Kallon farko za ka ce takwas ɗin ma ba wani abu ba ne, amma haɗin huɗu yana zuwa da abu biyu. Na farko gyara: 25 a karo na farko, 50 a na biyu, 100 a na uku, 200 a na huɗu, haka take ta hawa. Na biyu, kuma shi ne babba, duk makin da za ka samu daga nan gaba ya ninka. Bayan haɗin huɗu na farko, 1, 2, 4, 8 sun koma 2, 4, 8, 16. Bayan na biyu sun sake ninkawa.

Mu buga lissafin. Na farko 8 da 25, 33. Na biyu 16 da 50, 66. Na uku 32 da 100, 132. Na huɗu 64 da 200, 264. An tara 495. Kuma daga nan dutsen da ka jingina da maƙwabci ɗaya kawai a cikin gari maki 16 yake kawowa, haɗin biyu 32, haɗin uku 64. Duwatsun da dazu ake ba ka 1, 2 da 4 a kansu.

A ƙarshe akwai tukuici: in dutse biyu suka rage maka 100, in ɗaya 500, in ka zazzage jaka kaf 1,000. Wanda ya zazzage jaka bai yi haɗin huɗu ko ɗaya ba zai tashi da dubu da ɗari da wani abu. Wanda ya yi huɗu kafin rabin wasa, ya aza dutse talatin bayansu a cikin gari kowanne da haɗin biyu, ya samu 960 a kan 495 ɗinsa, ya wuce wancan ko da jakarsa ba ta ƙare ba. Shi ya sa lokacin da ka yi haɗin huɗu yake da nauyi kamar yawansu. Wanda aka yi a dutse na ashirin ya ninka sauran wasan duka. Wanda aka yi a na sittin da biyar bai ninka komi ba sai dutse ɗaya.

Wasan yana da wani sashe da ke ba mutum saƙo irin na duba in ya yi haɗin huɗu, an ɗauko salon daga tsohuwar al'adar Sin. Ba ya ƙara maki, ba ya ragewa. Mu ba ma kula shi.

Gina rami na farko

Duba duwatsu biyun tsakiya. Tunda a karkace suke, akwai gida biyu da kowanne ya taɓa dukansu. Kyauta ce kwamfuta ta ba ka, ramuka biyu da aka riga aka yi wa rabin katanga. Kada ka cika su da wuri, ko da dutsen da ya dace ya fito; maki 2 za ka ci ka zubar da 33.

A ce na tsakiya su ne jan tauraro da shuɗin wata. Ramin farko, jan tauraro yana yamma da shi, shuɗin wata yana kudu. Iri biyu ke shiga nan: jan wata ko shuɗin tauraro. Ka ce wannan na jan wata ne, ɗayan ramin kuma na shuɗin tauraro. To jan wata yana son ja biyu da wata biyu. Ja ɗaya yana nan, wata ɗaya yana nan, saura arewa da gabas.

Ga inda aikin yake: gidan arewa da rami bai jingina da kowa ba tukuna, ba za ka iya aza komi a wurin ba. Sai ka yi gada. Ka aza wani ja, a ce jan kifi, a arewa da jan tauraro. Yanzu gidan da ke gabas da jan kifin shi ne arewacin raminka, kuma duk wani ja zai shiga, a ce jan ganye. Ɗayan ɓangaren ma haka: farin wata a gabas da shuɗin wata, sannan koren wata a arewa da farin, wanda shi ne gabashin rami. Dutse huɗu ka aza, biyu gada biyu katanga. Ramin yanzu yana da jan tauraro, jan ganye, shuɗin wata, koren wata. Babu mai shiga sai jan wata, kuma guda biyu ne a jaka.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne, kowane dutse sai ya fito. Ba caca ba ce. In ka gina rami don dutsen da ke cikin jaka, zai zo, muddin wasan bai shaƙe maka kafin nan ba. Haɗarin shi ne ya zo tun katanga ba ta cika ba. In na farko ya fito da wuri, nema masa wuri, ka dogara ga na biyu. Jan wata ma a farkon wasa ba shi da wurin zuwa a kusurwoyi, domin launinsa da alamarsa duka na tsakiya ne. Sai ka mai da shi gada a gefen jan tauraro ko shuɗin wata. In na biyun ma ya fito alhali katanga uku ce, cusa shi ka karɓi haɗin uku, ya fi a tashi a tutar babu.

Wani abu da na daɗe ban lura ba: gidan da ke kusurwar arewa maso gabas da ramin, tsakanin jan ganye da koren wata, shi ma jan wata yana shiga. Na taɓa aza shi can cikin gaggawa ina tsammanin ramin ne. Shayi ya huce a hannuna ranar.

Kaye da bik

Tunda dukan dabarar tana kan sanin abin da ya rage a jaka, kada ka dogara ga kai. Ɗauko kaye irin na ƴan lakol, ka zana gida shida tsaye shida kwance, launuka a gefe, alamomi a sama. Fara da sa alama ga shidan da kwamfuta ta aza, sannan duk dutsen da ya fito ka ja masa layi. Gidan da ya samu layi biyu, irin ya ƙare. Kafin ka aza katanga ta uku ga kowane rami, duba kayen: dutsen da kake gina wa gida yana nan kuwa? Na sha ganin mutum ya ƙawata rami, ya zauna jira, alhali tagwayen duka suna kwance a bayan gari, shi da hannunsa ya zubar da su.

Wasan yana da maɓallin da ke nuna maka gidajen da dutse zai shiga. Yi amfani da shi kwana biyu na farko don doka ta zauna maka, daga nan ka rabu da shi. Yana nuna inda aka yarda ka aza, ba ya nuna inda ya kamata.

Bayan gari ba juji kawai ba ne

Galibin duwatsun da za su fito a farko ba su da aiki a ramin da kake ginawa. Su ake kaiwa kusurwoyi. A lokacin nan ba ka yi hasarar komi ba, don maki ɗaya ko biyu ne, ninki bai fara ba. Gidajen cikin gari kuwa ka adana su sai sun yi tsada.

Amma ko zubarwar da tsari ake yinta. Dutsen bayan gari ba ya kawo maki, sai dai yana zama maƙwabci kamar kowa. Duba gidan cikin gari da ke karkace da dutsen kusurwa: maƙwabtansa biyu su ne gidajen da suka jingina da kusurwar. A ce farin kifi ne a kusurwa. In ka aza farin zobe a gefe ɗaya, farin ganye a ɗaya gefen, ka gama ɓangaren launi na sabon rami ba tare da ka sha wahala ba. Saura biyu masu alama ɗaya, kuma alamar ba ta ɗaure ka ba tukuna: ko takobi biyu don farin takobi, ko wata biyu don farin wata, duk wanda kaye ya nuna yana nan da tagwayensa. Na fi son irin wannan ginin, don yana barin ƙofa a buɗe har zuwa katanga ta uku. Kusurwa huɗu, rami huɗu, ga biyu na tsakiya.

Ramukan da ke karkace da juna suna raba katanga biyu, kamar ɗakunan gida ɗaya. In ka samu damar jera su haka, aikin ya ragu da rabi. Sai dai kada kwaɗayi ya sa ka buɗe rami bakwai lokaci guda. Kowane rami buɗaɗɗe gida ne da ya rufe wa iri 35, kuma kewayensa yana cin fili. Uku ko huɗu a lokaci ɗaya sun ishi mai koyo.

Yaushe ake daina tono

In kusan dutse ashirin suka rage, canza tunani. Sabon rami a nan da wuya ya cika, in ma ya cika babu sauran abin da zai ninka. Yanzu aikinka biyu: kowane dutse ya sauka a cikin gari inda maki ya yi tsada, kuma kada allo ya shaƙe. Ƙidaya gidajen da ke da maƙwabci ɗaya, su ne numfashinka. Duba kaye, ka tambayi kanka kowane irin da ya rage ina zai je. In akwai wanda ba shi da gida, yi masa da dutsen da ke hannunka, ko da makin wurin kaɗan ne.

A nan ne ake auna tukuicin 1,000 da ninki. In haɗin huɗu biyu ko uku kawai ka yi, dubun nan ya fi duk abin da za ka tsinta, saboda haka tsira ita ce gaba, har cika ramin da ka daɗe kana jira da haɗin uku ba laifi ba ne in zai buɗe maka hanya. In kuwa ka kai shida, ninkinka 64 ne, haɗin biyu ɗaya maki 128, takwas daga cikinsu sun wuce dubu. A nan dutsen da ka kai bayan gari don tsoro shi ne hasara.

In an ɗauke kuran

Da zafi ya kama aka shiga yawan ɗauke kuran, batirin kuma ga halinsa, sai muka yanka kwalin shayi gida 72, muka shafa launi shida, muka zana alamomin. Allon a kan babban kwali muka zana shi, takwas da sha biyu, muka duhunta layin baki. Ana fid da shida waɗanda ba su haɗa launi ko alama ba a aza a kusurwoyi da tsakiya, sauran a zuba cikin hula a girgiza. Mutum ɗaya ya zama kwamfuta: shi ke zaro dutse ba tare da ya leƙa ba, shi ke cewa an yarda ko ba a yarda ba, shi ke rubuta maki da ninki. Wannan kujerar ta fi koya wa mutum doka a kan buga wasan kansa.

Ana iya bugawa mutum biyu a allo ɗaya, bi da bi, kowa da makinsa; na kwamfutar ma yana da wannan. Sai dai a nan duk abin da na faɗa game da gina rami sai an sake auna shi, don ramin na kowa ne. Ranar da muka fara gwadawa na gina wa shuɗin tauraro gida mai kyau, katanga huɗu cif, na jingina da bango ina jira. Ƙanena ya sa hannu a hula, ya zaro, ya dubi dutsen, ya dube ni, ya ce: "Yaya, Allah ya saka da alheri." Ya aza, aka rubuta masa 33.